Motar Alhaji Garba ta 2010

Ku da kuka fara tsayuwa a bayan kanta a shagon kayan motar nan kuna ta tambayata dalilin da ya sa ba na sayar da bulok sai an kawo lambar shasi, wato lambar da kamfani ya buga a jikin mota. To ku saurara, ba zan maimaita ba. Akwai wata Talata a watan Afrilu, wata na huɗu da fara aikina, da har yau ba ta fita raina ba.

Bulok shi ne gangar jikin inji, inda fistin ke hawa da sauka. A kansa ake ɗora kan inji a ɗaure. Akwai wata motar Japan da ake shigowa da ita ta Amurka, wadda ta 2008 da ta 2010 kusan jikinsu ɗaya, amma kamfani ya canza inji a tsakani. Ramukan ƙusoshi daban, hanyar ruwa daban, mazaunin tacen mai daban. Na wannan ba ya hawa waccan ko da za a kira taron addu'a.

Ran nan Alhaji Garba mai hatsi ya shigo da bakanikensa, Oga Mamman na Tudun Wada. Bulok ɗin motar Alhaji ya tsage don an ja ta ba ruwa cikin zafin nan namu. Na ce a ba ni lambar shasi. Oga Mamman ya dube ni sama da ƙasa.

"Ke ɗiyag ga, tun ba a haihe ki ba nika kwance inji. Ta 2010 ta."

Alhaji ya gyara hula ya ce ai duk kasuwa an san motarsa. Na ba su na 2010, ɗan Beljiyam mai kyau.

Da Laraba Oga Mamman ya dawo da shi shi kaɗai, ya wuce ni kai tsaye wurin Kawu Bello mai shagon. Wai na ba shi kayan da ba su ba, a musanya masa da wancan na lungu. Wancan na lungu kuwa na 2008 ne. Kawu, wanda dama da ƙyar Inna ta shawo kansa ya ɗauke ni, ya ce:

"Luba, in kuskurenki na, gobe ki zamna gida. Na hwaɗi tun hwarko aikin ga ba na mata na ba."

Ban tsaya ba shi haƙuri ba. Na tari ɗan kabu-kabu na hau babur na nufi garejin Oga Mamman. Na iske Alhaji zaune kan benci yana jiran motarsa, Oga Mamman kuma ya biyo ni a guje kamar na ɗauko masa wani abu. Na leƙa ƙasan gilashin gaba, gefen direba, inda lambar take. A motocin Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: harafin A na nufin 2010, lamba 8 kuma 2008. Na ƙirga da yatsa, da ƙarfi, kowa na ji. Na goma 8 ne.

Na ce, "Alhaji, motarka ta 2008 ta. Fitilu da bamba aka sake mata."

Alhaji ya juya a hankali ya dubi Oga Mamman. Ashe Oga Mamman ne ya samo masa motar, shi ya yi mata kwalliyar a garejin wani abokinsa. Shi ya sa bai iya buɗe baki ya nemi na 2008 a gaban Alhaji ba. Ya gwammace ya sayi wanda ya san ba zai hau ba, ya dawo a ɓoye ya musanya, ni kuma a kore ni. Gwanin da ya girme ni da kwance inji ke nan.

Na ɗauka Alhaji zai shaƙe shi. Ina! Sai ya matso kusa da ni yana waige-waige.

"Ɗiyata, rage murya. Wa da wa ya ji?"

"Duk garejin, Alhaji."

"To kak ki kai maganag ga kasuwa, don Allah."

Shekara biyu yana yi wa abokansa gori da motar, abin da ya dame shi ke nan. Na ce ni kasuwa ba ta gabana, amma sai ya zo ya faɗa wa Kawu da bakinsa. Ya zo kuwa, da Oga Mamman a bayansa yana kallon takalmansa. Aka ba su na 2008, ya zauna daram. Kawu bai ce mini yi haƙuri ba. Washegari dai ya miƙo mini makullin sito, yana kallon wani wuri.

Abin da na koya: mai mota yana faɗa muku shekarar da yake so, bakanike yana faɗa muku wadda za ta rufa masa asiri, kuma idan abu ya ɓaci wanda ke kanta za a nuna. Don haka ku karɓi lamba, ku ƙirga da kanku, ko da gemun wanda ya zo ya kai cibiya.

Alhaji Garba har yau a wurin Oga Mamman yake gyara. Motar kuma, in kun tambaye shi, ta 2010 ce.