Injiniya Mika'ilu Jaji da Gaɓar Magudanar Bunkure

Kowace safiya, kafin ya shiga ofis a Kura, Injiniya Mika'ilu Jaji sai ya jingine babur ɗinsa a bakin babbar magudana, ya tsaya yana kallon tafiyar ruwa. Bana ya yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da muka gani.

A ranin 2004, gaɓar magudana ta wajen Bunkure ta riƙa fashewa, ruwa yana cinye tumatir da albasa. In an rufe ƙofar ruwa, igiyar ruwa kan taso ta bugi gaɓa, kuma ba wanda ya san inda za ta sake ɓallewa. Injiniya ya zana magudanar a kwamfuta, ya rarraba ta gida-gida kamar raga, na'urar tana lissafa motsin ruwa a kowane gida. Ta nuna masa wani wuri da ta ce nan gaɓar za ta ɓalle. Ya ƙi yarda.

Alhaji Baballe, shugaban manoma, ya same shi a ofis. "Injiniya, tunda na'urar ta nuna, mu zuba duwatsu mana. Gonakinmu ne ke tafiya."

"Alhaji, zanena yana da iyaka, magudana kuwa ta zarce. In igiya ta kai iyakar zane sai ta dawo kamar amsa-kuwwa, ta dagula lissafin. In na ba ku wurin nan, ƙarya na ba ku."

Baballe ya fita ransa a ɓace. Makonni Injiniya yana fama, ga ɗaukewar wuta, ga surutun mutane, har ya shimfiɗa wa bakin zanen wani lissafi mai shanye igiyar da ta nufi waje, yana ƙyale igiyar da take bin gefe. Da igiya ta daina dawowa, sai ga ainihin wurin: wata kwana a bayan gonar Inna Hajara, wadda take ciyar da jikokinta da noman albasa. Can aka jibge duwatsu, aka koya wa masu kula da ƙofar ruwa rufewa sannu-sannu. Gaɓar ta tsaya.

Na tambayi Inna Hajara ko ta san abin da ya yi. Ta ce, "Ɗana, ban san na'urarsa ba. Albasata dai na kwashe."

Kai ne, Injiniya, ka yarda a yi fushi da kai don kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tasowa, ku koyi cewa "ban gama ba tukuna", ko da Alhaji na tsaye a kanku.