Sista Badiyya da Ƙahon Baffa Muhuyi

"Sista, jini! Bayansa duk jini!"

Ihun Asibi ne ya cika ɗakin wankin ƙoda. Mijinta, Baffa Muhuyi, masunci daga bakin madatsar ruwa ta Tiga, yana kwance jikin na'ura, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sista Badiyya, ma'aikaciyar jinyar da kullum ke riga kowa isowa daga Dangora don ɗauraye matatun jini, ta ɗaga rigar. Tsagar ƙaho ce, sabuwa fil.

"Baffa, ƙaho ka sha ba ka faɗa ba?"

"Jiya, 'yar nan. Ai mataccen jini aka cire."

"To, ga mai ran yana bin sa."

Matatar nan cike take da zaruruwa sirara. Jini na taɓa su sai ya nemi daskarewa, shi ya sa ake sa maganin tsinka jini. Maganin ne ya hana tsagar Baffa rufewa. A ci gaba da shi, ya zubar da jini. A tsayar, matata ta toshe da jinin da ba shi da rararsa.

Badiyya ta tsayar da maganin, ta sa Asibi ta danne tsagar, ta ƙara gudun na'ura. Lokaci-lokaci tana kora ruwan gishiri cikin matatar, idonta kafe kan zaruruwan. Da suka fara duhu, ta yi maza ta mayar masa da jininsa, ta sauya matata. Baffa ya koma gida da ƙafarsa.

Ke ce, Badiyya, kika bi wanzamai har kasuwar Ƙafin Maiyaki kina roƙo: "Mai wankin ƙoda, ku bar mana bayansa." Ke ce kika koya wa na bayanki ɗaga riga kafin kunna na'ura. Uwar marasa lafiya, mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa a yi koyi da ke.

Ranar ritayarta, Baffa ya kawo mata bandar kifi. Tana rataye jaka sai ga babur ya tsaya. Wani makiyayi daga Burumburum ya sauko, tallabe da tsoho duk ya kumbura.

"Ina Sistar da ke duba baya?"

Badiyya ta ajiye jakar.

"Ɗaga masa riga."