Minti Huɗun Kawu a kan Tajikistan

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya yi karatun aikin ban-ruwa a Dushanbe, lokacin da Tajikistan ke cikin Tarayyar Soviet. Da ya bar aikin gwamnati sai ya koma Dungas, ya kama gonarsa ta gero. Mutanen gari kan ce a Rasha ya yi karatu, shi kuwa bai taɓa gajiya da gyara musu ba.

Ni a lokacin ina aiki a wani gidan rediyo, inda aka horar da ni cewa rahoto minti huɗu ne: me ya faru, a ina, yaushe. Abin da ya wuce haka yankewa ake yi.

Wata shekara bayan girbi ya aiko in zo da rikoda. Na hau kabu-kabu daga Magariya, na same shi a gindin dogon yaron ƙofar gidansa.

"Ɗana, na tsufa," ya ce. "Ina so a ajiye abin da na gani."

Na yi tambayoyina, ya amsa a tsare. Ya ce daga cikin Uzbekistan aka yanko jamhuriyar, aka bar Samarkand da Bukhara a waje, biranen da Tajikawa ke ɗauka nasu. Dushanbe kuwa ƙauye ne mai cin kasuwa ran Litinin kafin a mai da shi babban birni. An haɗe gonaki, an cika kwaruruka da auduga, har ɗalibai ake kwasa su je tsinka, shi ma ya je. An rufe masallatai da yawa, wasu suka zama sito. An kuma gina makarantu da asibitoci, can ya fara ganin mace likita. Rubutu ma sau biyu aka sauya musu, daga haruffan Larabci zuwa na boko, sannan zuwa na Rasha.

"To, nan ne tsohuwar ta shigo," ya ce.

Kakar wani abokin karatunsa ce, a wani ƙauye cikin duwatsu inda Kawu ya kai ziyara. Da ta ji baƙon ya yi makarantar allo, sai ta rufe ƙofa, ta ciro takarda daga ƙasan akwati. Wasiƙar mijinta ce, wanda hukuma ta tafi da shi bai dawo ba. Jikokinta duk sun yi karatu, amma babu mai gane haruffan Larabci, kuma tana tsoron nuna wa ɗan gari. Kawu ya san haruffan, bai ƙware a harshen ba. Ita harshenta ne, ba ta san haruffa ba. Yana haɗa baƙi, tana ƙarasa kalma.

Daidai nan minti huɗu suka cika, na danna tsayarwa. A ganina labarin ya bar tarihi ya koma hira. Ban gaya masa ba. Na bar makirfo a gaban bakinsa ina gyaɗa kai, yadda muke yi wa mai dogon bayani don kada ya ji kunya. Ya faɗi abin da wasiƙar ta ƙunsa jimla-jimla, ni kuwa hankalina na kan yadda zan buɗe rahoton.

"Ka ɗauka duka?"

"Duka, Kawu."

Daminar da ta biyo ya rasu. Bayan sadakar arba'in, babbar ƴarsa, taubashiyata, ta zo gidana.

"Bawana, fito min da muryar babana. Ko ka sayar ka sayi goro?"

Na kunna mata. Ta saurari maganar iyaka da auduga har muryar ta yanke.

"Ina sauran maganar tsohuwar?" ta ce. "Mun sha tambayarsa abin da ke cikin wasiƙar, sai ya ce ba zai iya maimaitawa ba. Da ka zo, ya ce mana ya ba ka ita a cikin na'ura."

Na gaya mata abin da na yi. Na ce na tuna akwai maganar wata bishiya a tsakar gida, amma ban san me mijin ya ce a yi da ita ba.

Ba ta zage ni ba. Tun ranar kuma ba ta ƙara ce mini bawana ba. Ta miƙo wayarta kawai, ta ce in sa mata minti huɗun.