Shuɗin da Habibu Bai Gani Ba

Duk wanda ya zauna da Habibu na Fulatan ya san tambayarsa. Ka ce masa an yi ruwa a Ƙaraye, sai ya karkace kai ya ce, "Ka gani, ko gaya maka aka yi?" Mahaifinsa malami ne, ya tashe shi da tsoron shaidar zur, shi kuwa ya kai abin inda ko Malam bai nufa ba.

Tare muka shiga jami'a, tare muka faɗa hannun Inoganik, darasin kimiyyar sinadarai mai kayar da ɗalibai kamar zazzaɓin damina. Hadda ba ta dame shi ba. Shanun gidansu ma sunayen sinadarai ya raɗa musu. Wani bijimi mai faɗa shi ne Sodiyam. Kawunsa ya ce, "Wannan kuma sunan wane aljani ne?" Ya ce, "Na ƙarfe ne, Kawu. Shi ma da ruwa ya taɓa shi sai ya haukace."

Ɗakin gwaji ne ya kashe masa karatu. A shekarun nan kwalabe duk sun bushe, amma a haka ake ba mu tambaya: rubuta abin da ka gani da ka ɗiga amoniya a ruwan gishirin tagulla. Mu duka muka kwafo daga littafi, wai ya koma shuɗi. Habibu ya rubuta cewa bai ga komai ba, kwalbar wayam take.

Dakta, malamin darasin, ya kira shi ofis.

"Kai kaɗai ne mai gaskiya a ajin nan?"

"Ranka ya daɗe, abin da na gani aka tambaya."

"To, rubuta abin da ya kamata ka gani."

"Sai dai a sake tambayar."

Ba a sake ba. Ya faɗi, ya maimaita, ya kuma faɗuwa. In ya ƙara, kora ce.

A motar Rogo, muna komawa gida hutu, na yi ta roƙonsa. Na ce, "Kalma ɗaya ce fa. Innarka ta sayar da saniyarta don karatun nan. Ai mai littafin ya gani." Ya ce, "Shi ya gani, shi ya rubuta, Allah ya saka masa." Da haushinsa na sauka daga motar. Karo na uku ma amsarsa ba ta canza ba, aka kore shi, ya koma gona.

Bayan shekaru, ina koyarwa a wata sakandare a Ƙaraye, aka kawo mana sinadarai. Ranar kasuwa na ja hannunsa har ɗakin gwaji, na ɗiga amoniyar a gabansa. Ruwan ya rine, shuɗi kamar na marina. Ya ɗaga kwalbar wajen taga, ya daɗe yana kallo.

"Ashe da gaske ne," in ji shi. "To, ba ni takarda in rubuta."

Na yi dariya, sannan na juya baya don kada ya ga idona. Har yau abin yana ci mini rai. Daminar da ta biyo baya ya rasu.

Allah ya jiƙan Habibu, ya yafe masa taurin kansa, ya nuna masa Aljanna ido da ido.