Jamusancin Rex mai aski

Shekara arba'in da ɗaya Rex Kleinig ya yi yana aski a garinmu Tanunda, ban taɓa jin wanda ya ce ya iya ba. Muna zuwa ne kawai don shagonsa na jikin mashaya.

Abin da Rex ya iya a duniya kalma ɗaya ce. Yana da wata tsohuwar gorar roba da yake fesa wa gashi ruwa kafin ya sa almakashi. Kowa a nan in yana nufin a ɗan fesa ruwa, spritz yake cewa da Turanci. To, kar ka kuskura ka faɗe ta a gabansa yadda kowa ke faɗa. Sai ya ajiye almakashi, ya bar ka da rabin aski.

"Ba haka ba ne, ɗan samari," in ji shi, ko da ka ba sittin baya. "Da shhh ake farawa, kamar kana korar kaji. Shprits! Kalmar kakanninmu ce, daga Jamus suka zo da ita tare da kurangar inabi. Mutanen Ingila aro suka yi, ko godiya babu."

Duk faɗa ɗaya kuma sai yawu ya biyo. Col Linke mai gonar inabi, wanda suka yi firamare tare, yakan goge ƙeya ya ce, "Ajiye gorar nan, Rex, bakinka ma ya wadatar."

Jamusancin Rex kaf bai wuce kalma biyar ba, uku sunayen abinci ne.

Wata shekara, lokacin tsinkar inabi, aka kawo wani Bajamushe mai suna Uwe ya gyara injin matsar inabi a gonar Col. Da gangan Col ya jawo shi aski. Rex har riga ya sake. Ya zaunar da baƙo, ya zazzage masa kalmomin nan biyar, sannan ya ɗaga gora. Don ya burge, sai ya ƙara wa kalmar wutsiya.

"Shpritse?"

Uwe ya dafe damtse. "A'a, na gode. An yi mini kafin in taso."

"An yi maka me?"

"Allura mana. Yadda ka faɗa ɗin nan, allurar likita ke nan. Danginsu ɗaya da fesawa, amma ba ita ba ce." Ya ƙara cikin ladabi, "Sauran da ka faɗa ɗazu fa, wane yare ne?"

Col ya yi dariya har ya zame daga benci. Rex ya ajiye gora, ya ɗauki almakashi. Ranar ce kaɗai na ga ya gama aski bakinsa a rufe, kunnuwansa jawur. Askin da ya yi wa Uwe kuwa, daga shagon, kantin huluna Uwe ya wuce.

Washegari Rex ya samo amsa. Jamusawan yanzu, in ji shi, sun lalata yarensu da kallon talabijin, na ainihin yana nan Tanunda.

Bara ya rufe shago, gwiwa ta hana shi tsayuwa. Jikarsa Tahlia na karatu a Jamus, sau biyu tana cewa ya zo ya ga garin kakanninsa, yana cewa likita ya hana shi hawa jirgi. Don ta faranta masa, da Jamusanci take rubuto masa wasiƙa. Duk ranar Talata sai ya soke ta a aljihu, ya bi ta ƙofar baya ta coci, fasto ya karanta masa.