Ranar da Muka Toshe Ƙofar Yamma

Ƙofa biyu garinmu yake da su sa'ad da na tashi. Babbar tana gabas, daura da gidan mai gari, tana kallon hanyar Malumfashi, ta nan fatake ke shigowa. Ƙaramar tana yamma, a bakin unguwarmu, jaki da mangala yana wucewa amma sai ya gogi bango. Daga ita sai gangaren rafi, sai gonakinmu. Wannan tun ba a san Nasara ba a ƙasar Katsina, zamanin da ba mai kwana a bayan ganuwa saboda mahara.

Ni manomi ne, da rani kuma nakan ɗora wa jakuna auduga in bi kasuwanni, Dayi, Musawa, wani lokaci har Mahuta. Yawon nan ya koya mini wata ɗabi'a da yayana ya ƙi jini. Duk garin da na sauka, da na sauke kaya na sha fura, sai in hau tambayar mai masaukina yadda ake yi da su. In za a aza muku aiki, ana kiranku? In an kira ku, kuna magana ko sunkuyar da kai kuke yi? In na dawo gida sai in baje a zaure ina auna garuruwa kamar mai awon hatsi, in ce wannan ya kusa cika, wancan ko rabi bai kai ba.

Yayana shi ne babban gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, a gandunsa nake noma, kuma mutum ne mai sanyin hali, abin da ni Allah bai ba ni ba. A wurinsa awo ya ƙare, garinmu ya fi ko'ina. Yana da hujja. Mai garinmu ba ya yanke babbar magana sai ya tara magidanta a ƙofar gidansa ya tambaye su, alhali a wasu garuruwan ganga kawai za ka ji, mai shela ya faɗi abin da aka yanke, ka ɗauki fartanyarka.

"Kai dai ba ka da godiya," in ji shi wata rana. "A ina ka taɓa ganin an tara talaka ana tambayarsa abin da ya gani?"

Na ce, "Yaya, tambayar kam na gani. Amma tun da kake zuwa, ka taɓa ganin ranar da muka ce a'a aka fasa?"

"Ai ba mu taɓa cewa a'a ba."

"To, abin da nake so in gani ke nan."

Da na shiga cikin gida, matata, wadda duk ta ji mu ta bayan zana, ta ce, "Maigida, ku da ake tambaya ma kuna gardama. Mu fa? Su kuma mutanen rinji?" Bayin da ke noma wa manya take nufi, waɗanda ko ƙofar fada ba su kusanta. Na yi kamar ban ji ba, don a cikin awon nawa ban taɓa sa su ba, kuma na ji haushin yadda ta rigaye ni gani.

A kakar wata shekara mahara suka faɗa wa wata tunga a arewa da mu, suka kwashi mutane suna tsakar yankan dawa. Tsoro ya shiga garinmu sosai, ni ma ba na ƙarya, na tsorata. Rani yana shigowa sai magana ta fara yawo cewa mai gari yana so a toshe ƙofar yamma, a bar guda ɗaya da za a iya tsarewa.

Ga mutanen gabas wannan ba kome ba ne. Mu kuwa rayuwarmu ce. In aka toshe, kafin mu kai gona sai mun ratsa gari, mun jira sarkin ƙofa ya ga dama ya buɗe, sannan mu zagaye ganuwa ta gefen sarƙaƙiya. Matata takan kawo mini abinci gona da goyo a baya. Duk ranar da aka yi kururuwar mahara, ƙofar nan ce kaɗai mace mai goyo za ta iya kaiwa da gudu. Akwai kuma abin da ba a faɗi da ƙarfi: in ƙofa ta zama ɗaya, ko damin dawa ba za ka fitar ba sai idon barorin mai gari ya gani, balle a ce ka kwashe iyalinka ka yi ƙaura in zama ya gagara.

Magidantan unguwarmu suka taru a gindin tsamiya, kowa ya cika ya yi fam. Wani ya ce gara a yanka shi, wani ya yi rantsuwa da kabarin ubansa. Mai unguwarmu, tsoho mai dabara, ya ce muryarsa ba ta fita kwanan nan, a samu mai baki ya yi magana. Duk suka juyo suka dube ni. Suka ce in faɗi kawai, suna bayana. Yayana ya ce kada in karɓa, na karɓa, har da ɗan jin daɗi, don a ganina ranar da nake jira ce ta zo.

Akwai al'adar da sai na bayyana, don a kanta abin ya tsaya. A taron ƙofar fada talaka ba ya yi wa mai gari magana kai tsaye. Akwai sanƙira, mutum mai ƙatuwar murya da ke tsaye a tsakani. Kai ka faɗi naka a durƙushe, shi ya ɗaga ya mayar wa mai gari da jama'a, kuma abin da ya fito daga bakinsa shi ne aka faɗa. Tun muna yara muke ganin haka, muna ɗauka girmamawa ce.

Ranar taron, da hantsi, mai gari ya fito ya zauna a bakin zaurensa, ya yi bayanin mahara, ya ce ga abin da yake gani amma ba zai yi ba sai da yardarmu. Mutanen gabas suka yi na'am. Aka zo kanmu, na matsa gaba na durƙusa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu mutanen yamma ba mu yarda ba. Ƙofar nan ita ce hanyar gonarmu, ita ce mafakar matanmu in an yi kururuwa. In tsaro ake so, a yi mata ƙyaure mai ƙarfi, mu da kanmu za mu riƙa kwana a kanta bi da bi. Amma kada a toshe."

Sanƙira ya gyara murya, ya buɗe hannu. "Ranka ya daɗe! Mutanen yamma suna gaisuwa! Sun ce ƙofar nan ta daɗe tana hana su barci, matansu suna cikin tsoro! Sun ce ƙarfinsu naka ne, duk aikin da za a yi da hannunsu za su yi!"

Kaina ya yi zafi. Mai gari fa ba nisa yake da ni ba, ina ganin zaren da ya fito a bakin rawaninsa, ya ji duk abin da na ce da kunnensa. Na ɗaga murya na ce ba haka na ce ba. Sanƙira ya ce, "Yana ƙara godiya!" Yayana ya kama gefen rigata ta baya yana ja.

Sai mai gari ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya ce shi ba ya son a ce an danne wani. Duk wanda bai yarda a toshe ba, ya miƙe tsaye a gan shi.

Na miƙe. Na waiwaya ina neman waɗanda suke bayana. Mai cewa a yanka shi yana ta duban wata tururuwa a ƙasa kamar bai taɓa ganin irinta ba. Mai rantsuwa da kabarin ubansa yana cire ƙaya a ƙafar da ba ta da ƙaya. Mai unguwa ya lumshe ido yana jan carbi. Can gefe wani dattijo ya yunƙura, zuciyata ta yi fari, ashe ƙafarsa ce ta yi tsami, ya gyara ya koma ya zauna. Ban taɓa jin kunya da fushi sun haɗu mini kamar na ranar ba, ina tsaye ni kaɗai a cikin rana, gumi yana bin bayana.

Na yi zaton za a kama ni, kuma wallahi da hakan ya fi mini sauƙi. Mai gari murmushi ya yi. Ya ce wa jama'a, "Kun gani ko? A garina kowa yana faɗin abin da ke ransa." Ya sa aka miƙo mini goro. Aka yi fatiha, aka watse, an yarda.

A hanyar gida yayana ya ce, "To, mai awo, an taɓa ka? An ɗaure ka? Ka ce a'a a gaban mai gari, ga ka za ka kwana a ɗakinka, har da goro. Je ka gwada haka a wani wurin."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yi ƙarya ba. Gaskiya ya faɗa, na san garuruwan da da tuni an sa mini mari a ƙafa. Na ce, "Yaya, an bar ni na yi magana. Ƙofar fa?" Ya ce ƙofa kuma jama'a ta yarda. Na ce jama'ar da ta rantse jiya a gindin tsamiya? Ya ce wa ya riƙe musu ƙafa? Ba wanda ya riƙe su. Sai dai kowannensu yana da gonar da mai gari ne ya yanka masa, kuma kowa ya san idon da ke kallonsa in ya miƙe.

Na yi wa matata maganar mu tashi mu bar garin kafin a toshe. Ta dube ni ta ce, "Zuwa ina, maigida? Da tsohuwarku a ɗaki, da hatsi a rumbun Yaya, da mahara a daji?" Ban sake tayar da zancen ba. A ciki ba a jin tamu, a waje kuma ana kama mutane.

Dokar gyaran ganuwa a garinmu ita ce kowace unguwa ta yi ɓangaren da ke bakinta. Ƙofar yamma a bakinmu take, saboda haka aikin toshe ta namu ne. Mu muka haƙo ƙasa, muka kwaɓa, muka yi tubali muka shanya. Matanmu suka yi ta jido ruwa daga rafi, suna shigowa da shi ta ƙofar da za a rufe. Waɗanda suka yi gum a fada sai ga bakinsu ya buɗe a cikin kwaɓi, suna tsine wa sanƙira, suna cewa da na ƙara tsayawa kaɗan da sun miƙe. Na ce wa ɗayansu in ya sake yi mini magana zan cusa kansa a cikin taɓon, ya kuwa koma kan kwaɓinsa.

Ranar ginin aka raba mu, wasu ciki wasu waje. Ni aka ba ni yaɓen waje, wai hannuna ya fi kyau. Sarkin ƙofa ya zo ya cire tsohon ƙyauren, aka fara jera tubali. Gini ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Da ya kai ƙirji matata ta zo ta ciki ta miƙo mini ƙwaryar fura ta saman ginin, goyonta yana leƙowa ta kafaɗarta yana miƙo mini hannu. Na sha na mayar mata. Aka ci gaba da jerawa har na daina ganin ɗankwalinta.

La'asar ta yi sanyi kafin in gama. Sauran 'yan wajen suka tattara suka tafi, na tsaya ni kaɗai ina shafe inda ya rage, har wurin ya zama ɗaya da sauran ganuwa, in ban da danshi. Yaɓen ya yi kyau, abin haushin ke nan. Na gangara rafi na wanke hannu da ƙafa. Daga nan ina jin dakan matata a bayan bango, na san sautin turminta, da a ce akwai ƙofa, da kafin ta sake ɗaga taɓarya na isa. A gabana ga hanyar yamma a buɗe, ta bi ta gefen gonata ta shige cikin ɗorayi, ba mai gadi, ba sanƙira, ba wanda zai ce ina za ka. Na daɗe ina kallonta.

Sannan na ɗauki rigata na bi gefen sarƙaƙiya, na zagaye garin da aka haife ni a ciki. Da na hango ƙofar gabas, sarkin ƙofa ya riga ya turo ƙyaure rabi. Ya ƙwala mini kira, "Kai mutumin yamma, ɗaga ƙafa, rufewa za mu yi!"

Na kuwa ɗaga, har da ɗan gudu.