Rumbun Yaya Nomau

Yaya Nomau ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye a kicin ina dama koko. 'Yarsa Ladi ce ta kira. Haihuwar nan London ce, tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa. Yau kam da Hausa ta ce, "Anti, Baba ya tafi."

Kokon yana nan ya yi gudaji, ban taɓa shi ba.

Da yawanku ba ku san shi ba. Waɗanda suka san shi ma, wani tsoho mai hular sanyi suka sani, wanda ke yawo a kasuwar Lewisham yana latsa doya yana kushe ta. Ni kuwa da shi mun yi nisa.

Ina amarya aka kawo ni London, a shekarun nan na saba'in da kuɗin fetur ya ɓarke a gida. Malam, marigayi maigidana, yana karatu, gwamnati ke biya. Lokacin alawus ɗin ɗalibi ya isa a ci a sha har a aika gida. Mutanenmu kan sauka daga jirgi da akwati wayam, su koma da shi sai an hau kansa an zauna kafin ya rufu.

Wani tsohon gida mai bene muka kama a Lewisham, kicin ɗaya. Mu a ɗakin sama, ƙasa kuma ɗalibai uku marasa aure: Isiyaku da ake kira Kwamared, Sani da ake kira Kwangila, sai Nomau.

Nomau Bamaguje ne. Ya yi makarantar mishan bai shiga coci ba, ya ƙare rayuwarsa cikin Musulmi bai yi salla ba. In ka tambaye shi addininsa sai ya ce na babansa. Ranar da na ji haka na ja Malam gefe na tambaye shi ko da gaske kicin ɗaya zan haɗa da arne. Ashe bangon gidan katako ne, komai ana ji.

Washegari ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da sabuwar tukunya a hannu. Ya ce tawa ce ni kaɗai, babu abin da ya taɓa shiga cikinta sai iska. Tun daga ranar giya ba ta ƙara ƙetare ƙofar kicin ɗin nan ba.

Shi ya koya mini shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Matakalar nan mai tafiya da kanta, sai da ya hau ya sauka ya sake hawa ina kallo, kafin na yarda na sa ƙafa.

Da azumi, ga ranar London da ba ta son faɗuwa, ban taɓa ganin bakinsa na motsi a gabanmu ba.

Amarya yake ce mini. Na haihu, na aurar, na yi jikoki, na yi furfura, ina nan Amarya.

Tattalin arziki yake karantawa a wata jami'a a Bloomsbury, kuma duk rubutunsa a kan tsarin gandu na mutanensu ne. Yadda ya bayyana mini, gida guda ke noma babbar gona tare, ita ce gandu, sannan kowa da 'yar gayaunarsa da yake nomawa don kansa. Hatsin gandu a babban rumbu ake zubawa a liƙe, ba a buɗewa sai damina ta faɗi, lokacin da na kowa ya ƙare. Mai gida ne ke riƙe da rumbun, kuma shi ne mai cin ƙarshe. Ƙasa a wurinsu ta kakanni ce da waɗanda ba a haifa ba, masu rai aro suke yi. Wanda ya buɗe rumbu don cikinsa, da kakanni zai gamu.

Shi a ganinsa wannan ya wuce noma. Siyasa ce, har ƙasa za a iya mulka da ita.

A nan ake raba gari. Kwamared ya ce ai gurguzu ne wannan, sai dai bai je makaranta ba. Kwangila ya ce banki ne da ba shi da manaja. Nomau sai ya bar su su gaji, sannan ya ce su kawo duk tsarin da suke so, rumbunsa zai zauna a cikinsa daram.

Kun san maza da gardama. A kicin ɗin da nake girki kowa ya gwada tsarinsa.

Kwamared ya fara mulki. Tukunya ɗaya, cefane ɗaya, ko cokali babu mai cewa nawa. Abin ya yi daɗi har zuwa ranar da aka lura shugaban rabo ne kullum ƙashi mai ɓargo ke faɗa wa kwanonsa. Wanke-wanke kuma tunda na kowa ne, sai ya zama ba na kowa ba.

Aka hamɓarar da shi, Kwangila ya hau. Kowa da kantarsa, kowa da sunansa a jikin kwalbar madara. Har layi yake ja daidai inda madararsa ta tsaya. Da idona na ga yana sayar wa Kwamared sukari a cokali.

Duk mulkin biyu, abu ɗaya Nomau ya roƙa: ɗan lungun ƙarƙashin bene inda ake ajiye tsintsiya. Duk wanda alawus ɗinsa ya shigo, ya kawo abinci. Shinkafa, wake, garin tuwo, tumatirin gwangwani, abin da ya sawwaƙa. Ba ya karɓar kuɗi, ba ya rubutawa, ba ya faɗa wa wani abin da wani ya kawo. Ya kulle ya rataya makulli a wuya.

Da farko har wani ɗan ƙoƙo mai gashin kaza ya rataya a saman ƙofar. Da ya ga ina raɓe bango in zan wuce, sai ya sauke. Ya ce ba komai, kakanninsa ba su da fasfo, ba su iso nan ba tukuna.

Dariya suke masa. Kwangila ya ce wa ke ɓoyon wake alhali Najeriya ta yi sallama da talauci? Nomau ya ce shi dai tsoron fetur yake, don abin da ba a shuka ba, ba ya barin iri.

Sai wani hunturu Malam ya kwanta. Tarin fuka. Aka riƙe shi a asibiti, karatu ya tsaya, alawus ma ya tsaya. Ga ni da cikin fari.

Malam ya riga ya faɗa mini cewa in abu ya yi tsanani gida zai mayar da ni, wurin iyayena. Ni kuma ban ga yadda zan hau jirgi in bar shi a gado ba, a asibitin da babu mai ce masa sannu da Hausa. Don haka na kama bakina. In ya tambaya in ce lafiya lau, komai akwai.

Mulkin Kwangila ake lokacin, kowa da kantarsa. Tawa ta ƙare ƙarƙaf. Ɗan garin da ya rage kunu nake dama wa Malam in kai asibiti. Roƙo kuwa, a gidanmu ba a koya mana ba, balle amarya ta roƙi maza.

Dabara na yi. In ɗora tukunya da ruwa, in yanka albasa a ciki don ƙamshi ya tashi, in ta buga ludayi, sannan in rufe kwano in hau sama kamar mai ɗauke da tuwo. In shiga ɗaki in sha ruwan albasa in yi kuka. Ina jin yaro na motsi, ina jin tsoro.

Wata Asabar da hantsi muka ji ana kaɗa gwangwani da cokali a gindin bene. Muka fito. Nomau ne, da makulli a hannu, ya ce, "Jama'ar gida, damina ta faɗi."

Ƙanƙara ce ke zuba a waje. Kwamared ya leƙa taga ya ce karatu ya taɓa Bamaguje.

Bai kula shi ba. Ya buɗe lungun ya faɗi doka: in an buɗe rumbu, babu mai ɗora tukunyar kansa. Mai shi da marar shi, kowa daga rumbu zai ci. Kwangila ya yi tsalle ya ce kantarsa cike take, me ya haɗa shi da wake? Nomau ya ce ranar da ya kawo mudunsa na farko ya amince da wannan.

Sannan ya juyo wajena, bai ko kalli idona ba, ya ce alfarma suke nema. Girkin maza ya kusa kashe su, in taimaka in karɓi tukunya.

Kun ga abin da ya yi? Ni da nake jin yunwa, sai na zama mai yi wa gida taimako. Har Kwamared da Kwangila suka bar ƙasar nan ba su san don wa aka buɗe rumbun ba.

Sai bayan shekaru na tambaye shi yadda ya gane. Ya ce a ƙauyensu mai gida ba ya jira a roƙe shi, da safe yake fitowa ya duba ɗakin da hayaƙi bai tashi ba. Nan kuma gas ne, babu hayaƙi, shi ya sa ya koma duban tukwane. "Tukunyar da ta yi tuwo sai an jiƙa ta, Amarya. Taki kullum fes, ko ƙanzo babu."

Rumbun ya kai mu har sanyi ya wuce. Malam ya fito, na haihu a nan, ban hau jirgin ba. Kwamared ya ce gurguzu ne ya yi nasara, Kwangila ya ce tanadi ne. Nomau yana gefe yana kankare tukunya.

Don shi ne mai cin ƙarshe. Sai kowa ya ƙoshi ya tashi, sannan ya ci abin da ya rage, a tsaye, ya huce. Da rumbu ya zo ƙarshe ƙanzo ne rabonsa, har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa. In na ɓoye masa tsoka sai in tsince ta a kwanona, ya ce ta baƙon da ke tafe ce.

Kwamared ya koma gida ya zama hamshaƙin ɗan kwangila. Kwangila kuwa, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai samu kwangila ba. Nomau ya kai rubutunsa gida ya zaga ofisoshi da shi, aka ce wa zai saurari siyasar arna ana tsaka da rabon fetur. Abin ya yi masa ciwo, na sani, ko da yake bai faɗa ba. Ya dawo nan ya kama koyarwa.

Ganina da shi na ƙarshe kafin azumin da ya wuce ne, a flat ɗinsa na council, gidajen nan na hukuma, a Plumstead. Matarsa ta riga shi, shi kaɗai yake zaune. Ya rame sosai. Na tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce yanzun nan ya tashi daga kai.

Na shiga kicin. Tukunya fes.

A baranda kuwa ga wani kabad a kulle. Ashe nan ma ya kafa rumbu, maƙwabtan benen duk suna zubawa, Turawa da baƙaƙe. Cike yake. Shi hannu ya daina riƙe tukunya, ƙafa ta daina kai shi kasuwa, ko Ladi bai faɗa wa ba. Mai riƙe da makulli kuma ba ya buɗewa don cikinsa.

Na ɗauki gwangwani da cokali, na fita baranda da ciwon gwiwata, na kama kaɗawa ina cewa damina ta faɗi. Ƙofofi suka buɗe. Duk sun san kalmar, shi ya koya musu.

Ya dafo bango ya fito ya ce, "Amarya, ba ke ke da ikon buɗewa ba."

Na ce, "Na duba hayaƙi, Yaya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ciro makullin daga wuya ya miƙo mini.

Na tuƙa tuwon shinkafa na kaɗa miyar kuka. Malmalar farko gabansa na ajiye, na ce babu mai sa hannu sai ya ci. Ya ce juyin mulki aka yi masa. Ya gutsura, ya kai baki, ya janye da sauri ya shiga hurawa.

Duk tsawon zamanmu, ranar ce kaɗai na ga Yaya Nomau ya ci abinci da zafinsa.

Na san akwai masu shirin tambayata a comment ko ya musulunta kafin ya cika. Don Allah ku bar wannan. Ban sani ba, kuma abin da ke tsakanin bawa da Mahaliccinsa ba a ba ni makullinsa ba. Abin da na sani shi ne ɗan da nake ɗauke da shi lokacin yau shi ma kaka ne.

Ya Allah, Kai ka ga tukunyata a wancan hunturu, Ka ga wanda ya duba ta. Ka saka masa da alherin da ya yi, rahamarka ta fi saninmu faɗi. Ka ba Ladi da 'yan uwanta haƙuri, Ka sa mu cika da kyau da imani.

Duk wanda ya karanta, ya taya ni da addu'a, ya sa iyalinsa a ciki.

Bari in tashi in ɗora tukunya. Yau hayaƙi ba zai tashi a gidan Ladi ba.